Masu Tallar Maganin "Ƙarfafa Garkuwar Jiki", Ku Ji Tsoron Allah

Na gaji da tallan nan da ke yawo a WhatsApp da Facebook, wai akwai garin maganin da ke ƙara wa sojojin jiki ƙarfi har su narkar da kowane irin ciwon daji. Har da na fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi tana samar da insulin da ruwan narkar da abinci.

Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Sojojin jiki ba su yi ƙaranci a inda dajin yake ba. Tun 1863 likitan Jamus Rudolf Virchow ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙarin daji. A dajin fankiriyas, sama da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon suna da lalatacciyar ƙwayar halitta mai suna KRAS. Ƙwayoyin dajin kan saki sinadaran da ke kiran sojojin jiki, musamman waɗanda ake kira makrofaj, da sun iso kuma sai su koma kamar maigadin da ya haɗa baki da ɓarawo. Su ke danne ƙwayoyin T, masu kashe dajin. Kumburin da ba ya ƙarewa yana tara nama mai tauri kewaye da ƙarin, ya matse jijiyoyin jini, har maganin asibiti ma da ƙyar yake ratsawa.

Irin maganin garkuwar jiki da ya samo wa James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018 ya taimaki masu dajin fata da na huhu da yawa, amma a fankiriyas mafi yawan marasa lafiya bai yi musu aiki ba. To ina ga kwalbar da aka ɗura a bakin tasha?

Daɗaɗɗen kumburin fankiriyas, wanda giya da sigari kan jawo, yana ƙara haɗarin kamuwa da wannan daji. Sigari kaɗai yana kusan ninka shi biyu. Akwai kuma gado da ƙiba.

Don Allah, idan dattijo ya fara ramewa ba dalili, idanunsa suka yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki na ƙaiƙayi, ko ciwon saman ciki yana ratsawa zuwa baya, kada a ce shawara ce kawai a jiƙa saiwa. Haka ma ciwon suga da ya bayyana kwatsam bayan shekara 50 tare da rama. A je asibiti, a nemi gwajin jini da hoton ciki. Tiyata ce ke ba da damar warkewa, ita kuwa sai ciwon bai bazu ba ake yinta, kuma watannin da aka ɓata kan jiƙe-jiƙe ne yake bazuwa a cikinsu.