Gola: Sana'ar da Ake Tsufa a Cikinta

A filayen makarantun firamare na Funtua da Malumfashi, da zarar an idar da La'asar, matasa sun dawo daga gona ko kasuwa, sai a raba riguna a shiga tamaula. Kowa gaba yake so ya buga, domin mai cin ƙwallo ake ɗagawa sama. Raga kuwa, ƙaramin cikinsu ake turawa, ko wanda ba ya iya gudu. Amma bayan shekara ashirin, 'yan gaban nan duk sun rataye takalmi. Wanda za ka tarar yana wasa har yanzu, galibi golan ne.

Dalilin yana cikin aikin. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta 2.44, fenariti kuma daga mita 11 ake bugawa. Babu ɗan Adam da zai rufe wannan fili da tsalle kaɗai. Don haka abin da ake fara koya wa yaro shi ne tsayuwa: inda zai kafa ƙafa, yaushe zai fito ya matse wa ɗan gaba hanya, yaushe zai daure ya jira. Sai faɗuwa. A ƙasar rani mai tauri da tsakuwa, wanda ya faɗi kan gwiwar hannu ba zai yi nisa ba. Kan haƙarƙari da cinya ake sauka, a rungume ƙwallo a ƙirji. Da hunturu yatsu kan tsage, ƙura ta cika ido. Da damina ƙwallo kan yi santsi, gara a naushe ta waje da a ce sai an cafke. Kayan aikin ba su da yawa: safar hannu 'yar gwanjo, dogon wando mai soso a ƙugu, da bandeji na ɗaure yatsu.

Rabin sana'ar kuma a baki take. Gola ne kaɗai ke ganin fili duka daga baya. Shi ke jera katanga idan za a yi bugun tazara, shi ke raba wa 'yan baya mutanen da za su riƙe a lokacin bugun kwana. Idan ya daka tsawa ya ce, "Bar min!" yaran da ke kiransa Baba sai su kauce. Wannan ido da wannan murya shekaru ne ke kawo su, shi ya sa ƙafa na raguwa, gola na ƙara daraja. Sai dai dole ya bi zamani. Tun 1992 aka hana shi kama ƙwallon da abokin wasansa ya turo masa da ƙafa da gangan, wanda bai koyi wasa da ƙafa ba kuwa aka bar shi a baya.

Duniya ta shaida wannan tsawon rai. Dino Zoff yana da shekara 40 ya ɗaga Kofin Duniya da Italiya a 1982. Essam El-Hadary na Masar yana da 45 ya tare fenaritin Saudiyya a Rasha a 2018. Vincent Enyeama yana ɗan 19 ya hana Ingila ci a 2002, ya ɗauki Kofin Afirka a 2013, ya buga wa Najeriya wasa 101. A Amurka ma, wasan besbol yana da irin wannan mutum: wanda ke tsugune bayan mai duka yana cafke ƙwallo, yana nuna wa mai jifa da yatsu irin jifan da zai yi. Carlton Fisk ya yi kaka 24 a wannan tsugunon, sai 1993 ya ajiye, yana da shekara 45.

Ladan fa? A kudancin Katsina yawancin gololi ba albashi suke ci ba. Masara da auduga ke riƙe gidansu, ko kabu-kabu, ko ɗinki. Mai burin kaiwa Katsina United ya taka filin Muhammadu Dikko, ƙofarsa ƙarama ce: gola ɗaya ake sakawa cikin mutum sha ɗaya, sauran su yi ta ɗumama benci. Ɗan gaba ya ɓarar da ƙwallo biyar ya ci ɗaya, sai tafi. Gola ya tare goma ɗaya ta zille masa, sai a ce kwando ne. Ƙarshenta ya tashi da karkatattun yatsu da kafaɗar da ke sanar da shi shigowar sanyi.

Abin da ya tara a kai kuwa ba a sayensa a kasuwa. Masu shirya gasar unguwanni sukan kashe kuɗi kan kofi da riguna, su manta da wannan. Da za su share tsakuwa a gaban raga, su zuba yashi, su ware wa tsohon gola ɗan alawus ya riƙa horar da yara biyu ko uku, da yaron da aka tura raga don ba ya iya gudu ya san tun farko cewa sana'a aka ba shi.