Matakan tsara talla da Hausa: daga ina ake farawa?

Tsarin da littattafan talla suka fi koyarwa shi ne AIDA, wanda ake dangantawa da Ba'amurke E. St. Elmo Lewis tun 1898: a jawo hankali, a tada sha'awa, a sa kwaɗayi, sannan a kai mutum ga saye. Ba mu da ja game da wannan jeri. Abin da ya dame mu shi ne mafarin aikin. A Nijar, tun da rediyoyi masu zaman kansu suka buɗe bayan taron ƙasa na 1991, sau da yawa da Faransanci ake rubuta talla, daga baya a juya ta Hausa.

A ganinmu, kamata ya yi marubuci ya fara da kasuwa, ya ji sunan da masu saye ke kiran hajar da abin da ke hana su saye, sannan ya rubuta da Hausa kai tsaye.

Bayan haka sai ya binciki farashi, domin nan ne fassara ta fi yin ɓarna. Mutumin Maradi da dala yake lissafi, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce. Kayan sefa 500 "dala ɗari" ne, ko "ɗari" kurum. Wanda ya ce "ɗari biyar" ya shelanta sefa 2.500, ya ninka kuɗin kayan sau 5 bai sani ba. Haka kuma umurni: "saya!" na da kaushi a kunnen dattijo, "a zo a saya" ya fi shiga.

Daga ƙarshe a karanta tallar da babbar murya gaban wanda bai je lakkol ba, a tambaye shi nawa ne kayan, kuma ina ake samun su.