Masallacin Ƙurɗuba: Gadon Musulmin Andalus A Ƙasar Turai

Duk almajirin da ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik a zaurukan ƙasar nan, to, ya bi ta birnin Ƙurɗuba ko da bai sani ba, domin ruwayar da ke hannun malamanmu ta Yahaya ɗan Yahaya al-Laisi ce, wato babban malamin wannan birni wanda ya rasu a 848. Ita Ƙurɗuba, wadda Turawa ke kira Cordoba, tana kudancin ƙasar Sifen, kuma masallacinta na Juma'a yana nan tsaye har yau.

Sarki Abdurrahman na Ɗaya, jinin Banu Umayya da ya tsere daga Sham bayan rushewar mulkin gidansu, shi ne ya aza harsashin ginin wajen shekarar 785. Magina suka tattaro ginshiƙan marmara daga kufan Rumawa da na waɗanda suka gaje su, amma sai aka tarar gajeru ne, ba za su ɗaga rufi yadda ake so ba. Dabarar da suka yi ita ce, suka ɗora bakan gizo biyu, ɗaya bisa ɗaya, suna jera jan tubali da farin dutse bi da bi. Ta haka rufi ya yi sama, ɗaki ya yalwata. Ginshiƙan da suka rage a yau sun haura 850.

Yayin da jama'a ke ƙaruwa, sarakuna suka yi ta faɗaɗa shi. Abdurrahman na Uku ya gina hasumiya a 951. Ɗansa, Halifa Hakam na Biyu, ya gina sabon mihrabi daga 961, aka ƙawata shi da ayoyin Alƙur'ani da gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya, da taimakon gwanin da Sarkin Rum ya aiko daga Ƙusɗanɗiniyya. A 987 Waziri Mansur ya yi ƙari na ƙarshe, amma ta gabas, saboda kogi ya tare kudu.

A 1236 Sarki Ferdinand na Uku ya ci garin, aka mai da masallacin majami'a. A 1523 aka fasa tsakiyarsa aka soma gina babbar coci a ciki, daga baya kuma aka lulluɓe hasumiyar da ginin ƙararrawa. Abin mamaki, wannan juyi shi ne ya raya ginin, alhali yawancin masallatan Andalus an rushe su.

Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1984. Musulmi na iya shiga ya duba mihrabin, amma ba a yarda ya yi salla a ciki ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka gina shi, amin.