Me ke Riƙe Ƙafar Roba a Jikin Mai Ita?

A 'Yargoje ta ƙaramar hukumar Ƙanƙara, da Faskari da Sabuwa a Jihar Katsina, noma ne abin dogaro, ƙafa kuwa ita ce jarin manomi. Idan haɗarin mota, ko harbin bindiga, ko ciwon sukari, ko ɗorin da aka matse har nama ya ruɓe ya kai ga yanke ƙafa, akan nemi ta roba a wurare irin su Asibitin Ƙashi na Dala, Kano, wanda aka kafa a 1959. To amma amfaninta ya rataya ne ga abin da ke riƙe ta a jikin dungu.

Duk sa'ad da mutum ya ɗaga ƙafar, nauyinta yakan ja ta ƙasa. In riƙon ya yi sako-sako, dungu zai riƙa goga cikin gurbinsa, fata ta saɓule, gyambo ya biyo baya.

Hanya ta farko ita ce maɗauri. Wanda aka yanke wa ƙafa ƙasa da gwiwa akan zagaya masa shi bisa ƙoƙon gwiwa, wanda aka yanke wa a cinya kuwa sai ɗamara a ƙugu.

Ta biyu, matsin iska. Iskar duniya tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo 1. Idan aka fitar da iskar cikin gurbi ta wata 'yar ƙofa mai hana ta komawa, sai ta waje ta manne ƙafar, kamar yadda ƙahon wanzami ke kama fata. Wani Ba'amurke, Dubois Parmelee, ya yi rajistar wannan dabara a 1863.

Ta uku, safar silikon, wadda Össur Kristinsson na ƙasar Aisland ya fitar a 1986. Ana naɗa ta a dungu, ƙusar da ke gindinta ta shige makulli.

Safar tana riƙo ƙwarai, sai dai tana da tsada, tana tara gumi a zafin bazara, tana kuma bukatar wanki kullum. Matsin iska yakan kwance idan dungu ya motse, abin da ba makawa a watannin farko. Maɗauri kuwa, ko da yake riƙonsa bai kai nasu ba, in ya tsinke dukawan kasuwa za su gyara shi.

Don haka hanyar da ta fi dacewa da manomi ita ce wadda zai iya kula da ita a ƙauyensu. Ya duba fatar dungu kowane dare, ya ƙara safa in gurbi ya yi yawa, in ja ko ƙuje ya ƙi ɓacewa ya koma asibiti ba da jinkiri ba.