Shirin Shekara Bayan Ambaliya

Jama'a, da yawa daga cikinmu ba su manta da daminar 2022 ba. Koguna suka cika suka batse. A ƙasar Jigawa kogin Haɗejiya ya bar hanyarsa, ya shiga gonaki da garuruwa. Shinkafa ta nutse, gero ya ruɓe a tsaye, ɗakuna suka zube, rumbuna suka faɗi da abin da ke cikinsu. A Nijeriya duka mutum fiye da 600 suka rasu a wannan ambaliya. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa masu hasara da alheri.

Wahala ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Kakanninmu sun ga yunwar 1914, wadda aka sa wa suna Kakalaba. Iyayenmu sun ga farin 1973, sa'ad da shanu suka yi ta mutuwa a hanya. Duk da haka garuruwanmu suna nan, ana noma, ana aure, ana suna. An ce bayan wuya sai daɗi. Gaskiya ne, amma daɗin ba ya zuwa ya iske mutum a kan tabarma. Sai an tashi an yi shiri. Yau za mu koyi yadda ake yin wannan shiri.

Mu Fara Da Ƙirga

Wanda ruwa ya ci gidansa, zuciyarsa takan tsaya a kan abin da ya tafi. Wannan ba laifi ba ne. Wanda ya rasa ɗa ko mata, ba a ce masa ya manta. Amma in kwanakin makoki sun wuce, sai mu zauna mu ƙirga abin da ya saura. Gonar tana nan? Fartanya da garma fa? Akuya nawa ta tsira? Mutum nawa ne a gida masu ƙarfin aiki? Wa muke bi bashi, wa yake bin mu? Mu rubuta su duka a takarda ɗaya. Sau da yawa mutum yakan ce ba shi da kome, amma in ya ƙirga sai ya ga yana da jarin da zai fara.

Fata Dabam, Niyya Dabam

In mutum ya ce, "Bana ina so in ji daɗi," fata ya yi. Kowa yana so. In kuwa ya ce, "Kafin ruwan fari ya sauka zan gina ɗaki ɗaya, ni da ƙanena," wannan niyya ce. Niyya ta gari tana da alama uku. Tana da adadi, watau nawa. Tana da lokaci, watau yaushe. Tana da mai yinta, watau wane ne. In ɗaya daga cikin ukun nan babu, to, maganar fatar baki ce kawai.

Kada kuma mu ɗauki niyya goma a shekara ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Huɗu sun isa: abinci, ɗaki, dabba, da bashi.

Niyya Ta Fari: Abinci

Mu ɗauki misalin mai gida mai iyali shida. A ce kullum ana auna kwano ɗaya na hatsi a gidansa. A wata kwano 30 ke nan. A wata goma sha biyu ya zama kwano 360. In buhu yana cin kwano 40, to, buhu 9 zai kai shi shekara. Yanzu ya san abin da yake nema. In buhu 3 ke gare shi, ya san wata huɗu za su yi, saura buhu 6 ya nemo. Gara ya san haka tun da kaka, da ya farga ranar da matarsa ta ce rumbu ya ƙare.

Ina za a samo sauran? Ruwan da ya ci gona yakan bar laima da taki a fadama. Mutanen kwarin Haɗejiya sun daɗe suna bin ruwa da shuka in ya janye. Akwai irin wake mai nuna cikin kwana 60 zuwa 70. Akwai kankana da albasa da tumatir ga mai rijiya ko injin ban ruwa. Wanda ba shi da fadama yana iya yin ƙwadago, ko saƙa, ko ci-rani, amma ya yanke tun farko kuɗin buhu nawa zai kawo gida.

Sa'an nan sai maganar iri. Irin da ruwa ya taɓa ba abin amincewa ba ne. Ga yadda za mu gwada shi. Mu ƙirga ƙwaya 20, mu naɗe su a tsumma mai laima, mu ajiye a inuwa, muna yayyafa ruwa. Bayan mako guda mu buɗe. In 16 ko fiye sun tsiro, irin yana da kyau. In rabi ne kaɗai, mu nemi wani tun da sauran lokaci. Mu ware iri dabam da abinci, mu ɗaure bakinsa, kome yunwa kada a taɓa shi. Wanda ya ci irinsa ya ci daminarsa.

Abin da muka samu kuma kada mu bar wa ƙwari. Akwai buhu mai ninki uku, leda biyu a ciki, buhu a waje. In wake ya bushe sarai aka zuba, aka matse iska, aka ɗaure kowane ninki dabam, ƙwarin ciki sukan mutu don rashin iska, ba sai an sa magani ba.

Niyya Ta Biyu: Ɗaki

Ba lalle ne mu mayar da gida duka a shekara ɗaya ba. Ɗaki ɗaya mai ƙarfi ya fi uku masu rauni. Lokacin gini rani ne, domin tubali yana bukatar rana ya bushe. Kafin mu sa harsashi mu duba bango ko itace, mu ga inda ruwa ya kai. Shaidarsa tana nan. In akwai tudu, mu nemi izni wurin mai gari mu koma can. In babu, mu cika wurin da ƙasa, mu sa dutse a gindin bango, daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu. Rumbu ma a ɗora shi bisa duwatsu masu tsawo. Mu yi yaɓe, mu gyara indararo, mu haƙe magudanar ruwa kafin hadari ya fara haɗuwa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In gida biyar suka haɗu suka yi gayya, yau ga wannan, jibi ga wancan, kowa zai shiga ɗakinsa kafin damina.

Niyya Ta Uku: Dabba

Wanda ya rasa saniya ba zai sayi wata bana ba, watakila. Amma ana fara garke da kaza. Kaza takan ƙyanƙyashe cikin kwana 21. Akuya takan yi wajen wata biyar da ciki, sau da yawa kuma ta haifi biyu. Wannan niyya ta fi kyau a hannun uwargida. Tana iya shiga adashi, in kwasarta ta zo ta sayi 'yar akuya. Ko ta karɓi kiwo daga wata 'yar'uwa, su raba abin da aka haifa. A kai dabba wurin malamin dabbobi a yi mata riga-kafi, a tanadi harawa da ƙaiƙayi tun da kaka. Da yayyafi kogi kan cika.

Niyya Ta Huɗu: Bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, balle bayan masifa. Abin kunya shi ne ɓuya. Mu je wurin mai bin mu tun bai aiko ba. Mu ce masa, "Alhaji, ka ga abin da ya same mu. Ba zan iya biya duka bana ba. Zan kawo kaza da kaka, kaza bayan noman rani." A yi maganar gaban shaidu, a rubuta. Mu yi hankali da bashin da ake karɓar buhu ɗaya da damina a biya biyu da kaka. Shi ne yake sa mutum ya yi noma wani ya ci. Biki da suna kuwa, bana a yi su daidai ƙarfi. Ba mai hankalin da zai zarge mu.

Yadda Za Mu Riƙe Niyya

Mu rubuta niyyoyin nan huɗu da manyan baƙaƙe, mu ajiye takardar cikin leda inda ruwa ba ya kaiwa. Mu karanta wa mutanen gida, domin mai auna hatsi ita ta fi kowa sanin ko lissafinmu daidai ne. Duk ran da aka ga sabon wata, mu ɗauko takarda mu duba. Abin da aka gama a sa masa alama. Abin da ya yi baya a tambayi dalili.

Mu raba aikin bisa lokatan shekara. Da kaka a auna hatsi, a ware iri. Da ɗari a yi noman fadama, a buga tubali. Da bazara a gama rufi, a gwada iri, a kai taki gona. Da damina a yi noma, a sa kunne ga rediyo. Hukumar NiMet takan ba da labarin yadda damina za ta kasance tun farkon shekara. In aka ce ruwa yana tafe, mu kwashe yara da hatsi da dabbobi zuwa tudu tun da rana. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wata niyyar ba za ta cika ba. Ciwo yakan zo, akuya takan mutu. Wannan ba dalilin yaga takarda ba ne. A rage adadin, ko a ƙara lokacin, a ci gaba. Wanda ya nufi buhu 9 ya sami 7 ya fi wanda bai ƙirga ba sam. Sannu ba ta hana zuwa. Namu shiri da ƙoƙari, cikawa ta Allah ce.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin fata da niyya?
2. In gida yana cin kwano 2 kullum, buhu nawa zai kai shi wata goma sha biyu?
3. Yaya ake gwada iri kafin shuka?
4. Kowa ya rubuta niyyarsa ɗaya ta bana, da adadinta, da lokacinta, da mai yinta, ya kawo aji mako mai zuwa.