Wane Irin Doki Ya Dace da Hawan Sallah?

Duk Sallah mukan taso daga Jambutu zuwa ƙofar fadar Lamiɗon Garwa kallon hawa. Samarinmu sun fi son ingarma, kili ko akawal, mai ɗaukar ido. Amma dattawan barga ba launi suke fara dubawa ba. A wurinsu dokin hawa shi ne mai jin linzami, wanda zai zo a sukwane wajen jahi ya tsaya cak gaban Lamiɗo, ƙarar bindiga da algaita ba su firgita shi ba. Ɗan Barno yana da tsayi da kwarjini, ɗan Azbin kuwa juriya. Kowanne za mu saya, mu gwada shi da kiɗa da hayaniya tukuna. In doki ya yi tutsu cikin taro, yaranmu ne a gabansa.