Kiwon Jaki da Shanu a Makiyaya Ɗaya a Ƙasar Malumfashi

A ƙasar Malumfashi da Funtuwa, manomi kan haɗa shanun huɗa da jakin kai taki gona a makiyaya ɗaya, musamman bayan kaka, lokacin da ake sakin dabbobi su ci karan dawa da ragowar harawa. Wannan haɗi yana da tushe a halittar dabbobin biyu. Saniya da harshe take naɗo doguwar ciyawa, sannan ta yi tuƙa. Jaki kuwa da haƙora yake datse gajeriya da busasshiya, wadda saniya ta tsallake. Haka nan, yawancin tsutsotsin cikin saniya ba sa rayuwa a cikin jaki.

Haɗarin yana wajen ƙarin abinci. Angurya, wadda ta wadata a wannan yanki na noman auduga, tana ɗauke da sinadarin gosifol. Tumbin babbar saniya yana rage dafinsa, jaki kuwa ba shi da wannan kariya. Saboda haka, a haɗa su kiwo amma a raba musu komi. Kiyaye wannan ya zama wajibi, ganin yadda cinikin fata ya rage jakuna, har Tarayyar Afirka ta amince da haramta yanka su domin fata a 2024.